Mai Ɗaukar Hoton Talabijin: Sana'arsa da Matsayinsa Wajen Adana Al'ada

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Amma mai kallon talabijin ba da idonsa kaɗai yake gani ba. Akwai wani ido da ya riga nasa isa wurin, ya zaɓi abin da za a nuna, ya bar abin da za a bari. Wannan ido kuwa shi ne na mai ɗaukar hoto. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake koyon wannan sana'a da yadda ake gudanar da ita, da kuma dalilin da ya sa sanin na'ura kaɗai ba ya isar mai ita a ƙasar Hausa, sai ya haɗa da sanin al'adun mutanen da yake ɗauka.

Asalin Sana'ar a Nijeriya

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata a Kaduna, tare da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Gidan talabijin na Jos shi ya fara watsa hoto mai launi a 1975. A 1977 aka kafa Hukumar Talabijin ta Ƙasa, watau NTA, wadda ta haɗe tashoshin da ke akwai a lokacin, ta kuma buɗe kwalejin horar da ma'aikata a Jos cikin 1980. A farkon shekarun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa tasharta mai suna CTV, wadda daga baya aka sa mata sunansa. A irin waɗannan tashoshi ne aka ɗauki wasanni kamar Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi. Jama'a sun riƙe sunayen 'yan wasa, amma kaɗan ne suka san waɗanda suka tsaya a bayan kyamara.

Yadda Ake Koyo

Koyon wannan sana'a ya yi kama da koyon ƙira ko jima, domin daga ƙasa ake farawa. Sabon shiga yakan soma da jan waya da ɗaukar ƙafafun kyamara da lura da batir, yana kallon yadda maigidansa ke aiki. In ya nuna natsuwa sai a ba shi kyamara a ɗakin ɗaukar shiri, inda akan jera kyamarori, galibi guda 3. Kowane mai ɗauka yana sanye da abin sauraro a kunne, ta nan yake jin umarnin darakta. Akwai wata 'yar jar fitila a kan kyamara. Idan ta kama, to, hotonsa ne ke tafiya ga jama'a, ba shi da damar yin gyara sai ta mutu. Sai wanda ya goge a ɗaki ake tura wa waje, inda ba mai faɗa masa abin da zai yi, kuma abin da ya wuce ba ya dawowa.

Kayan aiki ma sun horar da mutanen farko. Kafin zuwan kaset, da fim mai faɗin milimita 16 ake ɗauko labarai, kuma naɗi mai tsawon ƙafa 100 ba ya kai minti 3. Saboda haka tilas mutum ya auna kafin ya danna. Da kamfanin Sony ya fito da kaset na U-matic a 1971, sai aka sami sauƙi, sai dai na'urar naɗar hoton daban take da kyamara, wani ke rataye da ita yana biye, waya ta haɗa su. Betacam, wadda ta fito a 1982, ita ta haɗe biyun wuri guda a kafaɗar mutum ɗaya.

Haske da Tsarin Hoto

Abu na farko da mai ɗaukar hoto ke fama da shi shi ne haske. Idon ɗan Adam na iya ganin farar riga da baƙar fuska a lokaci ɗaya cikin rana tsaka, amma kyamara ba ta da wannan baiwa sosai. Idan dattijo ya fito da farar babbar riga da farin rawani, aka bar kyamara ta auna haske da kanta, sai ta bi farin tufa ta tsuke idonta, fuskar ta dushe ta zama inuwa. Idan kuma aka buɗe idon da yawa, aikin da ke wuyan rigar ya ɓace cikin ƙyalli. Gwani yakan auna hasken a kan fuska, ya nemi a koma inuwa, ko ya jira la'asar. Haka nan kafin ɗauka yakan nuna wa kyamara farar takarda, domin ta daidaita launi da irin hasken wurin. Lokacin hunturu kuwa, ƙura na dusashe hoto tana kuma shiga cikin na'ura.

Abu na biyu shi ne tsari. Hoton nesa na nuna wuri, na tsaka na nuna aiki, na kusa na nuna abin da ke zuciya. Idan mutum biyu suna zance, dole kyamara ta tsaya a ɓangare ɗaya na layin da ya haɗa su. In ta tsallaka, sai mai kallo ya ga kamar duka biyun gefe ɗaya suke fuskanta. Hoton da aka ɗauka daga ƙasa yana ƙara wa mutum kwarjini, wanda aka ɗauka daga sama yana ƙanƙantar da shi. Don haka tsayuwar kyamara ita kanta magana ce, kuma ana iya yin rashin ladabi da ita ba tare da an furta kalma ba.

Sanin Al'ada

Hawan Daushe na Kano misali ne mai kyau. Ana yin sa kashegarin Salla, inda Sarki ke zuwa Babban Ɗaki, sa'an nan ya dawo Ƙofar Kudu a yi jahi. Wanda bai san tsarin hawa ba zai ƙarar da kaset a kan dawakin farko, Sarki ya iso ya same shi yana canjin batir. Wanda ya sani kuwa, da ya ji ƙarar 'yan bindiga da busar kakaki, ya hango 'yan lifidi da dogarai, ya san laima ta kusa. Ya san inda mahaya za su ja linzami su ɗaga hannu, saboda haka can zai kafa kyamara tun kafin sukuwa ta fara. Ya kuma san cewa kowane hakimi yana da matsayinsa a jeri, tsallake wani na iya zama abin magana.

Haka abin yake a gidan biki ko wurin zaman makoki. Kunya ginshiƙi ce a tarbiyyar Bahaushe, kuma kusanta kyamara ga fuskar amarya ko ta mai kuka na iya zama cin fuska. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sanin lokacin da za a sauke kyamara yana cikin gwaninta kamar sanin lokacin ɗaga ta.

Kammalawa

Ƙwarewar da aka samu a gidajen talabijin na daga cikin abubuwan da suka share fage ga finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda akan ƙirga farkonsu daga Turmin Danya a 1990. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa. Masu nazarin yadda hawa, ko dambe, ko kiɗan fada yake a shekarun baya, za su dogara ne ga abin da masu ɗaukar hoto suka naɗa. Sai dai tsohon kaset yana lalacewa da zafi da raɓa, na'urorin kunna shi kuma an daina ƙera su. Wajibi ne gidajen talabijin da jami'o'i su gaggauta juya waɗannan hotuna zuwa kwamfuta, su kuma rubuta tarihin tsofaffin masu sana'ar daga bakinsu tun suna raye.