Bindigar Ƙusa Ba Ta San An Ɗauke Wuta Ba

Duk wanda ya ratsa layin kafintoci a Zango ko gefen kasuwar Dole a Damagaram zai ji ƙarar guduma, amma yanzu a wasu rumfunan akan ji wani sabon sauti: tas, tas, tas, sai kwamfireso ya ɗauka da ruri. Bindigar ƙusa ce mai aiki da iska. Idan lokacin bukukuwa ya matso, iyayen amare suna tsaye a kan gado da kujeru, tana rage wa mai sana'a wahala ƙwarai. Sai dai ana miƙa ta ga yaron shago ba tare da an zaunar da shi an yi masa bayani ba.

Wuta ba ta shiga cikinta ko kaɗan. Aikin wuta shi ne ta tara iska a tankin kwamfireso, tiyo ya kai iskar ga bindiga, iskar ta buga ƙusa da ƙarfin da yakan kai bar 5 zuwa 8. Saboda haka idan Nijelek ta ɗauke wuta, abin da mutanen Damagaram suka saba da shi musamman a watannin Afrilu da Mayu, injin zai yi tsit, maigida ya tafi salla, yara su ɗauka komai ya mutu. Tankin kuwa cike yake, kuma a shirye yake ya harba ƙusoshi da dama. Bindiga ba ta zama lafiya sai an zare tiyo daga jikinta an kwashe ƙusoshin. Haka za a yi kafin a ciro ƙusar da ta maƙale, kafin a hau tsani, kafin a miƙa wa wani.

Kunamarta iri biyu ce. Akwai wadda dole sai ka dafa bakinta a katako sannan ka ja, ƙusa ɗaya ta fita. Akwai kuma wadda idan yatsa na kan kunama, duk abin da bakin ya taɓa ya samu, katako ne ko cinyar abokin aiki. A Amurka, inda asibitoci suka riƙa karɓar mutum wajen 37,000 a shekara tsakanin 2001 da 2005 saboda raunin wannan na'ura, an gano haɗarin ta biyun ya ninka na ta farko. Fiye da rabin raunukan a hannu da yatsu suke. Ni a ganina mai koyo ba shi da hurumin taɓa ta biyun. Masu ɗaure bakin da waya don aiki ya yi sauri kuwa sun cire abu ɗaya tak da ke kare su.

Ƙusa ba kullum take tafiya miƙe ba. In ta ci karo da ƙulli a katako ko tsohuwar ƙusa, sai ta lanƙwashe ta ɓullo ta gefe, daidai inda babban yatsa yake riƙe. A janye hannun da ke riƙe da katakon aƙalla santimita 30, a sa tabarau mai kauri.

Ƙurar hunturu tana cin robobin da ke cikin bindigar, sai ka ji iska na tsiyaya, fuuu. Kowace safiya a ɗiga mata man da aka yi dominta, ɗigo biyu ko uku, ta inda tiyo ke shiga. Baƙin man mota lalata robar yake yi. Da yamma a kwance ɗan famfon da ke ƙarƙashin tanki ruwa ya fita, har a ƙasar da iska ta bushe kamar tamu, balle da damina, don tsatsa daga ciki take cin tanki. Kada kuma rashin wuta ya sa a aro tukunyar oksijin ta mai walda a haɗa: oksijin da mai idan sun gamu, fashewa ce.

In tsautsayi ya auku ƙusa ta shige jiki, kada a nemi filaya. Wasu ƙusoshin suna tafe da gam ko guntun wayar da ta haɗa su jere, jan su yana yage nama ko jijiya. A naɗe wurin da tsumma mai tsabta yadda ƙusar ba za ta motsa ba, a nufi babban asibitin Damagaram ko likita mafi kusa, a ɗauki hoto kafin a cire, a kuma yi allurar rigakafin sarƙewar haƙora.