Jemage, balbela da ƙudan tsando: wanne ne ke cin dukiyarmu a Kudu?

Ranar nan da magariba muna zaune a kara, jemagu suka taso suka rufe sama, sai musu ya kaure. Wani yaro da ya sauko daga tirela a makon nan ya rantse cewa su ne ke shan jinin shanu da dare, shi ya sa dabba ke ramewa a Kudu. Na ce bari in rubuta abin da na sani, don wannan kuskuren kuɗi yake ci.

Jemage dai ba tsuntsu ba ne. Ba ya ƙwai, haihuwa yake yi ya shayar da ɗansa nono, kuma gashi ne a jikinsa irin na ɓera. Maganar wai ta baki yake kashi, ko wai makaho ne, duk zance ne. Manyan nan da muke gani a Ibadan da Legas 'ya'yan itace suke ci, idonsu garau. Ƙananan da ke shiga silin ƙwari suke kamawa, suna gane hanya da amsa-kuwwar kukansu. Masu shan jini akwai su, amma iri uku ne kacal, kuma duk a nahiyar Amurka suke, daga Meziko zuwa ƙasa. Sai dai in ka ga jemage ya faɗo, kada ka ɗauka da hannu. A 1956 an gano wata ƙwayar cuta dangin ta haukan kare a jikin jemage a nan Legas.

Balbela kuma, yawanci ba kaska take bi ba. Fara da ƙwarin da shanu ke tayarwa a ciyawa take jira. Mai cin kaska shi ne carki, shi ma in ya samu miki ba ya barinsa ya warke.

To mai laifin fa? Ƙudan tsando. Bai fi ƙudan gida da wani abin kirki ba, amma in ya sauka fikafikansa kan hau juna kamar almakashi a rufe, ga tsinken baki a gaba. Namiji da mace duk jini suke sha, da rana, kuma sun fi son inuwa da bakin rafi. Abin mamaki, macen ba ta zuba ƙwai kamar sauro. Tsutsa ɗaya take haifa duk bayan kamar kwana 9 ko 10. Shi ke ɗauko ƙwayar sammore daga wata dabba ya sa wa wata, wasu irinsa kuma su ke sa wa mutum ciwon barci.

Mu mun ɗanɗana. Wata shekara kasuwa ta faɗi, Baba ya ce ba zai karyar da shanu ba, aka kai su wani daji kusa da rafi su ɗan yi kiwo kafin Sallah. Ciyawa kore shar, mai gani ya ce an dace. Bayan 'yan makonni sai gashi ya tashi, ido na hawaye, kaluluwa ta kumbura, sa yana ci amma ƙashin haƙarƙari na fitowa. Muka sayi allura wajen wani mai talla, ashe jabu ce. Uku suka mutu, sauran mahauta suka saya yadda suka ga dama. Wallahi har yau Baba ba ya son a tayar da zancen.

Mutane kan tambaya, me ya sa gajerun shanun nan na 'yan ƙasa ba sa damuwa? Muturu da Ndama sun daɗe a kurmi, jikinsu na jure cutar. Namu Bunaji da Rahaji da Bokolo ba su da wannan juriyar. Shi ya sa gwamnati ke da cibiyar binciken cutar sukutum a Kaduna.

Magani akwai, irin su Berenil da Samorin, amma a bar likitan dabbobi ya auna gwargwadon nauyin dabba, don rage allura shi ke sa cutar ta daina jin magani. Kuma kada a yanka a sayar wa mutane kafin kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika. Ƙudan yana son launin shuɗi da baƙi, da irin wannan ƙyallen ake haɗa masa tarko. Ni dai yanzu in an nuna mana wurin ajiye shanu, kafin in kalli ciyawa sai na tambaya ina rafi yake.