Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Gini

Mai Hausa da kalmar "da" kaɗai yake gama zancen gini: an yi ƙofa da katako, an tayar da soro da tubali, an rufa ɗaki da kwano. Turanci kuwa ya raba wannan aiki tsakanin ƙananan kalmomi, kuma da yake yawancin takardun kwangila da na sayen kaya da Turanci ake rubuta su, rashin sanin bambancin yakan jawo asarar kuɗi.

Idan abin da aka yi aikin da shi yana nan yadda yake, ido na ganinsa, "made of" ake cewa. Ganuwar Kano "made of mud" ce, domin ƙasar da aka gina ta da ita har yau ƙasa ce. Idan kuwa kayan ya sake kama har ba a gane shi, sai a ce "made from". Siminti shi ne misalin da ya fi fitowa fili. A masana'antun Ashaka da Obajana da Kalambaina, dutsen farar ƙasa ake fasawa, a haɗa da yumɓu, a gasa a zafin da ya kai kusan digiri 1,450, sannan a niƙe. Wanda ya buɗe buhu ba zai ga dutse ba. Haka gilashi, daga yashi ya fito. 

Inda ake cin mutane shi ne "made with". Wannan kalma ba ta ce komai ba illa cewa abin yana cikin haɗin. Kankare "made with cement" ne, tunda akwai yashi da tsakuwa da ruwa a ciki, kuma babu laifi a nan. Amma a ce kafinta ya rubuta maka ƙofa "made with mahogany". Ko da firam ɗin kaɗai ya yi da maɗaci, wato mahogany ɗin, ya cike sauran da falanki mai araha, a takarda bai yi ƙarya ba. Da ya rubuta "made of mahogany", to ya ɗaure kansa, ƙofar dole ta zama maɗaci. Ba kowane mai sana'a ne ke yin haka da gangan ba, da yawa su ma ba su san bambancin ba, sai dai ranar da rigima ta tashi, abin da ke rubuce za a duba.

Bulo ma haka ne. Kowane bulo da siminti aka yi shi, har wanda ke marmashewa a hannu tun kafin a sauke shi daga mota. Saboda haka kada ka tsaya ga "blocks made with cement". Ka sa ɗan kwangila ya rubuta bulo nawa za a buga da buhu ɗaya, da kaurin rodi, da irin kwanon da za a rufa, kowanne da sunansa da lambarsa, sannan ka sa hannu.