Fanshon 'Yan Mazan Jiya da Raɗe-raɗin Auren Jinsi: Ina Gaskiyar Take?

Magana takan taso daga Landan ko Washington, kafin ta iso majalisar mai shayi a Hadejia ta riga ta sauya kama. Haka ta faru da batun tsofaffin sojoji masu neman jinsi ɗaya. Ana cewa Turawa sun fara biyan soja lada don yana luwaɗi, ana kuma cewa Najeriya ta sa hannu za ta bi sahu. Akwai ƙwayar gaskiya a ciki, amma ƙaiƙayin ya fi yawa.

Gaskiya ne Birtaniya tana biyan kuɗi. Har zuwa Janairun 2000, duk sojan da aka gano yana neman jinsinsa korarsa ake yi, wasu an ƙwace musu lambobin yabo, wasu sun yi zaman kurkuku. A Yulin 2023 kwamitin Lord Etherton da ya binciki lamarin ya fitar da rahotonsa, Firaminista Rishi Sunak ya nemi afuwa a majalisa, sannan a Disambar 2024 aka ware fam miliyan 75, inda mutum zai iya samun har fam 70,000. Diyyar kora ce da cin mutunci, ga mutanen da suka riga suka yi wa ƙasarsu aiki. Wanda ya shiga soja bayan an ɗage haramcin ba ya samun ko sisi daga ciki.

A Amurka ma kusan haka ne. An soke dokar da ta tilasta wa irin waɗannan sojoji ɓoye kansu a Satumbar 2011. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2013 da na 2015 suka ba abokan aurensu damar samun haƙƙoƙin da ake ba iyalan soja, kuma a Yunin 2024 Shugaba Biden ya yi afuwa ga waɗanda kotun soja ta taɓa hukuntawa kan wannan.

Cewa Najeriya ta ɗauki wannan layi kuwa, ba haka ba ne. Tushen zancen yarjejeniyar Samoa ce tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka, Karebiyan da Fasifik, wadda Najeriya ta sa wa hannu ranar 28 ga Yunin 2024. Jaridar Daily Trust ta ruwaito cewa akwai sharaɗin goyon bayan masu neman jinsi a ciki. Hukumar sauraron ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ta bincika ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar kuma ta nemi afuwa. Sai dai labarin farko ya zagaye wayoyin mutane, gyaran kuwa kaɗan ne suka ji shi.

Dokar ƙasa tana nan yadda take. Wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, ta kuma ce takardar irin wannan aure da aka samo daga waje ba ta da ƙarfi a nan, babu kotun da za ta tilasta biyan wani haƙƙi saboda ita. Ƙa'idojin aikin soja da Shugaba Tinubu ya amince da su a Disambar 2024 sun haramta abin ƙarara. Jihar Jigawa kuma, inda Hadejia take, tana da dokokin Shari'a. To ta wace ƙofa Hukumar Fanshon Soja za ta biya kuɗin?

Abin da ke damuna shi ne inda wannan jita-jita ke kaiwa. A garin da kowa ya san kowa, jifan mutum da irin wannan zargi yana iya jawo masa duka ko kisa, kuma babu dokar da ta ba taron jama'a ikon hukunta kowa. Sannan tana janye hankali daga ainihin kukan 'yan mazan jiya. A ƙarshen 2024 da farkon 2025 tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman bashin haƙƙoƙinsu. Tsohon sojan da ya koma noman shinkafa a fadamar Auyo, da matar da mijinta ya faɗi a fagen daga a Borno ta dawo Malam Madori da marayu, tambayarsu ita ce yaushe za a biya garatuti da kuɗin inshorar rai, da kuma ko sunan magajin da ke cikin fayil ɗin mamacin ya dace da takardun da ke hannunsu.