Ke Mai Son Tumbi Ya Koma, Ajiye Shayin Nan Tukuna

'Yan uwana mata, da zarar an sa ranar biki an fitar da anko, sai kiji gida ya rikice da maganar rama. Wannan ta daina karin kumallo, waccan ta sayo shayin rage ƙiba, wata kuma ta ɗaure cikinta da ɗamara har numfashi na gagararta, wai duk don ɗinki ya zauna ranar kamu. Ni dai abin yana ba ni tausayi, don na san inda hanyar take ɓullewa.

Yawancin shayin nan ganyen filasko ne a cikinsu, ko danginsa. Gudawa yake sa ki, ruwan jikinki ya zube, ki hau sikeli kiga kilo 2 ya tafi ki yi ta murna. Kitse kuwa yana nan daram, ko gezau. Kwana uku da shan ruwa nauyin ya dawo. Ita kuma yunwa sharrinta ya fi haka, domin jikin da aka hana abinci ba kitse kaɗai yake ci ba, har tsoka yake haɗawa. Shi ya sa za ki ga yarinya ta rame amma jikin ya saki, fuska ta faɗa, ga jiri, wani lokacin ma al'ada ta ɗauke. Ina kyau a nan?

Abin da ke ba jiki siffa, ya tsayar da kafaɗa ya ɗaure ƙugu, tsoka ce. Ita kuwa ba ta ginuwa sai an ba ta aiki mai nauyi. Ki dubi iyayenmu na ƙauye da suka tashi da surfe da daka da jan guga, ki dubi damtsensu da yadda suke tafiya a miƙe da tulu a ka. Ba su san wani gidan motsa jiki ba. Mu kuwa inji ya karɓe niƙa, famfo ya karɓe rijiya, muka zauna.

Na san tambayar da ke bakinki: in na ɗaga ƙarfe ba zan koma kamar ɗan dambe ba? Ba za ki koma ba. Sinadarin da ke kumbura tsokar namiji kaɗan ne ƙwarai a jikin mace, ke dai jikinki zai ɗaure ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarar da ta fitar a 2020, cewa ta yi baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, sannan aƙalla kwana 2 ya yi aikin ƙarfafa tsoka. Maza da mata ta ce.

Ba sai kin fita ba, cikin ɗakinki ya isa. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, don haka galan mai lita 4 ya zama ƙarfenki. Ni ga yadda nake yi: na rungume galan a ƙirji, na tsugunna kamar zan zauna a kujera na miƙe, sau 10. Na ɗaga shi sama da kai sau 10. Na dafa bango na tura jikina sau 10. Na huta, na maimaita har zagaye uku. Gobe hutu, don a lokacin hutu da barci ne tsoka ke ginuwa. In ya fara yi miki sauƙi, ki ƙara ruwa ko ki canza galan. Bayanki ya kasance a miƙe, kuma in kina da ciki, ko sabuwar haihuwa, ko an yi miki tiyata, sai likita ya ba ki izini.

Sai maganar kwano. Kowane giram na mai yana da kalori 9, shinkafa da suga kuwa 4 ne a giram na sitacinsu, to kin ga inda ɓarawon yake: man da muke malalawa a garau-garau, da suyar awara, da fanke da cincin. Kwalbar lemo guda tana iya ɗaukar suga kusan ƙaramin cokali 9. Ki rage waɗannan, ki rage malmalar tuwo kaɗan, amma ki ƙara abin gina jiki: wake, ƙwai, kifi, nono, ɗanwake, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli. Awarar ma a dafa ta cikin miya, daɗi ne da ita. Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya wadatar. Kuma kada wata ta ruɗe ki da motsin da wai teɓa kaɗai yake narkarwa, jiki shi ke zaɓar inda zai fara sauke kitse.

Ku 'yan makaranta, da ku nake musamman. Jikinku girma yake, ga jinin wata, ga karatu. Ku ba rage abinci ne naku ba, ku dai bar lemo da alawa, ku yi wasa da tafiya kamar awa guda kullum.

Sikeli kuma kada ya tayar miki da hankali, tsoka ta fi kitse nauyi in girmansu ɗaya. Ki ari tef ɗin tela ki auna ƙugunki ta saman cibiya duk bayan mako biyu. Abin nema shi ne ya gaza rabin tsayinki: mai tsayin santimita 160, ƙugunta ya zauna ƙasa da 80.