In Bik Ya Tsaya, Mi Za A Yi?

Akwai wani abu da yake samun mutane da yawa bayan sun gama makarantar yaƙi da jahilci. Mutum ya san baƙaƙe, ya iya haɗa su. Wata rana ya ɗauko kaye da bik, zai rubuta wasiƙa ga ɗansa da ya tafi bida Abijan. Ya rubuta gaisuwa, sai hannu ya tsaya. Ga magana cike da ciki, amma ta ƙi sauka bisa takarda. Daga baya ya rufe kaye, ya tafi wurin mai rubutu a kasuwa. Ya biya kuɗi, ya kuma faɗa wa baƙo asirin gidansa.

Wannan ba ciwo ba ne, ba sammu ba ne. Yana samun har manyan marubuta. Amma ga sabon mai karatu akwai haɗari. In ya daina rubutu wata da watanni, baƙaƙen za su fice daga kansa. Wahalar da ya sha ta zama banza.

MI YAKE TSAI DA HANNU?

Na ɗaya, tsoron kuskure. Mutum yana gudun ya rubuta "kafa" inda yake nufin "ƙafa", a yi masa dariya.

Na biyu, son babbar magana. Yana zaton sai rubutunsa ya yi kama da maganar rediyo. Sai ya raina abin da ya sani.

Na uku, barin aiki. Da damana ta faɗi kowa yana gona. Kaye yana cikin jaka wata huɗu. Hauyar da aka ajiye ita ce take tsatsa.

Na huɗu, gajiya. Wanda ya yini cikin rana, in ya zauna gaban fitila da dare, barci ne zai ɗauke shi.

INA MAGANA TAKE FITOWA?

Marubuci ba ya zama yana jiran magana ta faɗo daga sama. Yana ɗaukar ta inda take. A shekarar 1936 Malam Abubakar Imam ya zauna a Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Labaran ba duka daga kansa suka fito ba. Ya ɗauko wasu daga tatsuniyoyi, wasu daga littattafan Larabawa da na Turawa, ya mai da su cikin Hausa mai daɗi. A ƙasar Nijar kuma, Bubu Hama, wanda ya rasu a 1982, ya rubuta littattafai masu yawa. Ya saurari tsofaffi, ya rubuta abin da ya ji. Ke nan kunne da ido su ne suke ciyar da hannu.

GA MAGANI

1. A faɗi maganar da baki tukuna, kamar mai wasiƙar yana zaune a gaba. Abin da baki ya faɗa, shi hannu zai rubuta.

2. A yi tambaya biyar: Mi ya faru? Wa ya yi? Ina? Yaushe? Don mi? Amsa biyar, layi biyar, labari ya samu. Misali: "Rijiyar garinmu ta rufta ran Laraba. Ƙasa ce ta jiƙe da ruwan sama. Samari sun taru sun yashe ta. Babu wanda ya ji ciwo."

3. A rubuta duka, sannan a gyara. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Rubutu ba haka yake ba. Ana soke shi, a sake.

4. A rubuta layi biyu kowace rana, ko da damana: ranar da ruwa ya sauka, ranar shibka, kuɗin tiyar hatsi a kasuwa, bashin da aka ɗauka, ranar da aka yi wa yaro allura. Ran biyan bashi wannan kaye zai zama shaida.

5. A zaɓi lokacin da jiki yake da ƙarfi, kamar bayan sallar asuba.

6. In hannu ya ƙi, a tashi a yi wani aiki, ko a karanta wa aboki abin da aka fara. Tambayar da zai yi ita ce layi na gaba.

Da rarrafe yaro kan tashi. Wanda ya rubuta layi biyar bisa abin da ya faru a garinsu, ya kai wa malamin yaƙi da jahilci. Labarin gari, ɗan gari ne ya fi saninsa.