'Yar Fitilar da Ake Maƙalawa a Yatsa

Yau shirinmu ya leƙa ɗakin majiyyata ne, wajen 'yar na'urar nan da nas ke maƙala wa mutum a yatsa, nan take lamba ta fito, 97 ko 98. Lambar tana faɗin yawan iskar oksijin da jini ke ɗauke da ita.

Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi na kamfanin Nihon Kohden, shi ya gano dabarar a farkon shekarun 1970. Yana ƙoƙarin auna jinin da zuciya ke turowa ne, bugun jini kuma yana ta dagula masa lissafi. Sai ya lura cewa wannan bugun da ke damunsa shi ne amsar. Na'urar tana haska yatsa da fitilu biyu, ɗaya ja, ɗaya mai hasken da ido ba ya gani. Jinin da ya ƙoshi da oksijin ya fi shanye na biyun, wanda ya rasa kuma ya fi shanye jan. Duk bugu ɗaya, na'urar tana kwatanta hasken biyu.

To amma hasken nan sai ya ratsa fata kafin ya kai ga jini, kuma a nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. A watan Disamba na 2020, likitoci a Jami'ar Michigan ta Amurka suka nuna cewa na'urar takan ce komai lafiya alhali oksijin ya yi ƙasa sosai, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata kusan ninki uku. Ƙa'idar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta 2013 ta yarda a gwada na'ura da baƙar fata biyu kacal, ko kashi 15 cikin ɗari na waɗanda aka gwada. Wallahi wannan ya yi kaɗan. Yaron da ke fama da ciwon huhu a Kano ko Maraɗi, da wannan lambar ake yanke shawarar ba shi oksijin ko a'a. Sai a Janairun 2025 hukumar ta fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida mai neman a faɗaɗa gwajin ga launukan fata daban-daban.

Kafin sababbin na'urori su iso mu, ma'aikatan jinya, ku dubi saurin numfashin yaro da yadda ƙirjinsa ke lotsawa. Yatsa mai sanyi, jan farce da baƙin lalle, duk sukan rikita lambar.